Ka Sayi Fara, Ta Fi Saurin Fita

Mu dai a nan, ba a gama cinikin mota ba ake fara zancen ranar sayar da ita. Mutum ya daɗe yana tari, ya kwashi adashi, wataƙila har da ɗan filin gado ya tafi a ciki. Ya isa wurin dillalai, idonsa ya sauka kan wata shuɗiya mai ɗaukar ido, ransa ya kwanta da ita. Kafin ya buɗe baki ya taya, abokin da ya rako shi ya ja hannun rigarsa gefe: "Alhaji, kyau kam tana da kyau, amma ka tuna ranar fita." Shi ke nan an gama da shi. Da yamma za ka gan shi ya shigo layi da ruwan toka, ana ta yi masa Allah ya sa alheri, Allah ya tsare, shi kuma yana amsawa da murmushin da bai kai ciki ba.

Ku leƙa bakin kowane masallacin Juma'a ku ƙirga. Fara, baƙa, toka, silba, fara, silba, toka. Idan ka hango ja guda ɗaya a cikin jerin, to kowa a unguwar ya san mai ita, ya san inda ta kwana jiya da inda ta yini shekaranjiya. Wannan ma na cikin abin da muke gudu. Mai jar mota ba shi da sirri. Ba zai ce wa mai bin sa bashi ba ya gari ba, ba kuma zai je zance a ɓoye ba, domin kafin ya kashe inji labari ya riga shi komawa gida.

Kowane launi akwai abin da muka ajiye masa a baki. Ka sayi ja, a ce ko ka koma Kwankwasiyya ne, saura hula. Wata gwaggo kuma ta ja maka kunne kada ka fita da ita ana hadari, wai ja yana kiran tsawa. Ka sayi ruwan ɗorawa, yaran layi su dinga ɗaga maka hannu suna cewa "Sabon Gari, nawa?" tunda launin adaidaita sahu ne, a Legas kuma na danfo. Ka sayi koriya ka shiga Abuja, a tare ka a zaci tasi ce. Idan koren ya yi duhu ya karkata wajen na soja, nan kuma ba zancen raha ba ne: tun 1977 akwai dokar da ta hana farar hula hawa motar da aka yi wa fenti da koren soja a Najeriya, kuma ba a rasa waɗanda suka ji a jikinsu a shingen hanya. Ruwan hoda, a ce ta Hajiya ce ka ara. Ruwan gwal, a ce ta tsofaffin daraktoci ce da suka yi ritaya. Baƙa wuluk mai duhun gilashi, a ce ka samu muƙami ko kana neman a zaci ka samu. Da aka tace aka tace, sai fara da toka da silba suka rage, su ne ba a samu abin faɗa a kansu ba.

Sai dai a yi mana adalci, ba tsoron bakin mutane ne kaɗai ba. Ƙasar ma tana da nata hukuncin. Wanda ya taɓa ajiye baƙar mota a rana a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Damagaram, ya dawo bayan azahar ya kama sitiyari, ba sai an yi masa bayani ba. Masu bincike a ɗakin gwaji na Berkeley a Amurka sun taɓa jera Honda Civic biyu a rana, baƙa da silba, suka tarar iskar cikin silbar ta fi sanyi da digiri 5 zuwa 6 a ma'aunin Salshiyos, rufinta kuwa bambancin ya kai wajen digiri 25. Can ke nan, ina ga nan da zafi ke haura 40? Ga hunturu. Ka wanke baƙar mota da hantsi, kafin la'asar yaro ya rubuta sunansa da yatsa a kan but. Silba da toka kuwa su sha ƙurar mako guda ba su nuna ba. Ja kuma rana ce maganinsa: bayan 'yan shekaru a waje ba rumfa, rufi da bonet su koɗe, man saman fentin ya fara ɓarewa, motar ta koma launin da ba shi da suna. Sannan in ɗan adaidaita ya goge maka ƙofa, wanda kuwa sai ya goge, mai fenti zai haɗa maka fari a tashi ɗaya. Amma ka kai masa wani shuɗi mai ƙyalli, ya yi ta gauraya gwangwani da gwangwani, ƙarshe ƙofar ta fito daban, sauran jikin daban. Duk wannan lissafi mai saye na gaba ya san shi, shi ya sa yake rage maka kuɗi.

Ba mu kaɗai ba ne kuma. Kamfanonin da ke yi wa masana'antun mota fenti, irin su Axalta, suna fitar da ƙididdiga duk shekara, kuma fari ya shafe fiye da shekara goma yana kan gaba a duniya, kusan mota ɗaya cikin uku. In ka haɗa shi da baƙi da toka da silba, sun kwashe kusan huɗu cikin biyar. Tun can da ma masu ƙera mota ba su cika son wahalar launi ba: daga 1914 zuwa 1925 Henry Ford baƙar Model T kawai yake fitarwa, ka so ka saya, ka ƙi ka tafi a ƙasa.

To ana nan a kan wannan, kowa ya yarda fara ita ce kuɗi a aljihu, sai wani ɗan maƙwabcinmu, cikin yaran nan da ba sa rabuwa da waya, ya jefo magana a majalisa bayan isha'i. Ya ce, "Baba, ku yi haƙuri, amma a Amurka motar da ta fi riƙe kuɗinta ita ce ruwan ɗorawa." Aka fashe da dariya. Wani dattijo ya ce, "Kai yaro, adaidaita ake sayarwa a can?" Yaron bai ja da baya ba. Kuma gaskiyarsa. Akwai wani kamfani mai suna iSeeCars da ke bin farashin motoci na hannu a can, yana kwatanta kuɗin mota tana sabuwa da kuɗinta bayan shekara uku. A rahotonsa na 2023, mota a jimlace takan yi asarar kashi 22.5 cikin 100, amma ruwan ɗorawa kashi 13.5 kacal ta zubar. Ruwan goro da kore ma suna sahun gaba. Fara da toka suna tsaka-tsaki, baƙa tana ƙasa da su, ruwan gwal ce kurar baya.

Dillalin layinmu, wanda ya yi shekaru yana ɗauko motoci daga Kwatano tun kafin gwamnatin Buhari ta hana shigo da su ta kan iyakar ƙasa a farkon 2017, bai yi dariya ba. Ya gyara zama ya ce, "Ku bar yaron nan, ya faɗi gaskiya, rabinta ne dai bai faɗa ba. Ku tambaye shi wace irin mota ake yi wa ruwan ɗorawa a can." Nan gizo ke saƙar. Ba Corolla ta kai yara makaranta ake fesa wa wannan launi ba, ba kuma Sienna ba. Motocin gudu ne: Corvette, Mustang, Camaro, Porsche, masu ƙofa biyu da masu buɗaɗɗen rufi. Su da ma ba a ƙera su da yawa, masu ruwan ɗorawa a cikinsu kuma 'yan kaɗan ne. Idan mutum goma suna neman abu kuma guda uku ne a kasuwa, mai abu shi ke yanka farashi. Fara kuwa ko mutum ɗari ke nema, akwai ɗari biyu a jere, in ka ce albarka mai saye ya matsa gaba taku biyar ya samu irinta. Saboda haka fara tana saurin fita, wannan gaskiya ne, amma saurin fita daban, tsada daban. Mu mun daɗe muna haɗa su wuri guda.

Sannan mai sayen motar gudu ba irin tunaninmu yake yi ba. Mu muna neman motar da za ta ɓace a cikin jama'a, shi yana neman wadda za a juyo a kalla. Wanda ya zuba kuɗi a motar da ba ta ɗaukar buhun shinkafa, ba ta ɗaukar iyali, ba ta iya haye kwalbatin ƙofar gida sai an sa katako, ai ba don ya ɓuya ya saye ta ba. Motar gudu ruwan toka kamar a fito da doki ranar Hawan Daushe ne ba kayan ado: dokin na nan, ƙarfinsa na nan, amma ba shi aka zo kallo ba.

Su can launin ma tarihi gare shi, kuma tarihin kuɗi ne. A farkon ƙarni na 20, lokacin da ƙasashen Turai suka fara tseren mota, kowace ƙasa da launinta: Faransa shuɗi, Ingila kore, Jamus fari daga baya ta koma silba, Italiya ja. Daga nan jan Ferrari ya samo asali. A farkon shekarun 1990, kusan kashi 85 cikin 100 na Ferrari da ake ƙerawa jajaye ne, har ya zama a wurinsu ja shi ne launin mai tsoron asara, wato farar motarmu ke nan. Yau abin ya ragu sosai, kuma da yake jajayen sun cika kasuwa, tsohuwar Ferrari da ta fito daga masana'anta da wani shuɗi ko kore da ba a yi da yawa ba takan ja hankalin masu tara motoci fiye da 'yar'uwarta ja. Akwai waɗanda a da aka kankare launinsu na asali aka fesa musu ja don su sayu, yanzu kuma ana biyan maƙudan kuɗi a mayar da su yadda suke. Porsche kuwa ta mai da abin sana'a: in kana son launin da ba ya cikin jerin da suka saba, za su yi maka, amma ka ƙara sama da dala 10,000 ka kuma jira layi. Masu saye na biya ba gardama, domin sun ga irin waɗannan motoci sukan dawo da kuɗin fentin a ranar sayarwa, musamman samfurin 911 masu tsada.

Yaron nan da ya ga ya samu mai goya masa baya, sai ya ƙaro da na fim. Toyota Supra ruwan goro da marigayi Paul Walker ya tuƙa a Fast and Furious, an yi gwanjonta a 2021 a kan dala 550,000. Mustang koriya ta 1968 da Steve McQueen ya yi tsere da ita a fim ɗin Bullitt, ta tashi a kan fiye da dala miliyan 3 a 2020. Dattijon ya ce, "To wannan ai ba fenti aka saya ba, suna aka saya." Haka ne, Baba. Amma je ka fesa wa waccan Supra fari ka ga ko sunan zai tsaya. Kuma saboda waccan koriyar, Ford ta sha fitar da sababbin Mustang da wannan koren, mutane na rububi.

To mu fa? Motocin gudu ba su da yawa a wurinmu, amma akwai su. A Abuja za ka ci karo da Mustang da Camaro da Challenger, a Kano da Kaduna ma jefi-jefi, ga kuma samarin da ke wasan mota da tsofaffin BMW ranar biki, suna ƙona taya, iyaye na salati, 'yan sanda na gargaɗi. A wannan 'yar kasuwa, lissafin can yana aiki daidai gwargwado. Yaron da zai sayi Camaro ba toka yake mafarki ba, ruwan ɗorawa mai baƙin zane yake so irin ta fim ɗin Transformers, kuma in ya gan ta zai ƙara kuɗi. Matsalar ita ce masu wannan sha'awa da kuɗin biyanta ba su taka kara sun karya ba. Kana iya samun farashi mai kyau, amma sai ka yi haƙurin jira, motar na zaune a filin dillali tana shan rana wata da watanni. Mu kuwa ba ma sayar da mota sai buƙata ta taso: kuɗin makaranta, kujerar Makka, auren 'ya, jinya. Mai auren 'ya ranar Asabar ba zai jira wani ɗan gata ya dawo daga Dubai ya ga ruwan ɗorawa ya yaba ba. Motarmu asusu ce mai taya huɗu, shi ya sa muke son launin da za a fasa asusun a yini ɗaya.

Amma duk wannan gardama ta launi, a wurin dillali tana bayan tambaya ɗaya: "Fas bodi ce?" Wato fentin da ta fito da shi daga kamfani ne a jikinta, ko an taɓa? Ku tsaya ku kalli tsohon dillali yana duba mota, abin kallo ne. Ba ya fara da inji. Zai sa a fito da ita rana, ya koma gefe ya tsuguna, ya kalli jikin a karkace daga fitilar gaba zuwa ta baya, yana neman inda haske ya karye. Ya bi ƙofa da bayan yatsa yana ƙwanƙwasawa, inda aka cika da bodi fila sautin ya mutu. Wani yana da ɗan maganaɗisu a aljihu, ya naɗe shi a hankici ya bi jikin da shi, inda ya ƙi kamawa ya ɗaga ido ya kalli mai motar bai ce komai ba. Ya ɗaga robar bakin gilashi da farce ya ga ko feshi ya taɓa ta. Ya buɗe bonet ya duba kan notunan da ke riƙe da fenda, in sifana ta taɓa su fentin kansu ya ɓare. Ya buɗe ƙofar direba ya duba 'yar takardar da ke manne a ginshiƙi, wadda a motoci da yawa take ɗauke da lambar launin asali. Ya ɗaga kafet ɗin but, domin mai fenti ba ya kai wa can. Yaran yanzu kuma na'ura suke ɗorawa ta faɗa musu kaurin fentin, su kuma sa lambar shasi a intanet, sai ga hoton motar a filin gwanjon Copart a Amurka, gaba a murƙushe, alhali ga ta nan tana sheƙi an ce ko ƙwarzane babu. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Shi ya sa babbar asara ba a launi take ba, a canza launi take. Akwai wani a bayan layinmu da ya samu jar mota mai ƙofa biyu da araha, lafiyayya, fas bodi. Abokai suka dame shi da zancen ranar fita, ya kai ta gareji aka mayar da ita fara, har da fentin oba mai tsada. Ranar fitar ta zo. Mai saye na farko ya buɗe bonet ya ga ja a ciki, ya ce, "Alhaji, hatsari ta yi ko?" Ya rantse ba ta yi ba. Na biyu ya ɗauki takardu ya ga an rubuta ja, ya ce shi ba zai iya da tambayar 'yan sanda da jami'an duba motoci a hanya ba, tunda canza launi sai an bi an gyara takardu. Ya biya kuɗin fenti, ya zubar da darajar fas bodi, ya jawo wa motar zargi. Da ya bar ta ja, ko ta koɗe, da an ce masa rana ce, a rage kaɗan a wuce wurin. A motocin gudu na can ma haka abin yake, har ya fi tsanani: fentin asali mai 'yan tabo ya fi sabon feshi daraja a wurin masu tara motoci. Samarin yanzu sun samo dabara, suna naɗe motar da leda mai launi, in za a sayar a ɓare ta fentin asali ya fito. Dabarar ba laifi, in an samu leda mai kyau da gwanin aiki. In ta banza ce, ranarmu za ta gasa ta ta manne, wurin cirewa ta taho da fentin.

Wani abin dariya kuma, 'yan shekarun nan sun rikita lissafin kowa. Tun da aka saki naira a tsakiyar 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024, kuɗin fito ya bi ta. Duk wanda ke da mota a ƙofar gida ya wayi gari ta ninka kuɗinta a naira. Mai fara ya zo majalisa yana cewa, "Ba na faɗa muku ba? Na hau ta shekara uku na sayar da riba." Wani mai ruwan makuba da aka yi ta yi wa dariya shi ma ya sayar da riba. Da akwai mai ruwan hoda, da shi ma ya ci. Sai da kowannensu ya koma kasuwa neman wata, sannan ya gane ribar ba ta sayen rabin abin da ya sayar.

Kuma in an bi diddigi, mu da muke ta wannan muhawara ba mu ne muke zaɓar launin ba. Motar da ke zuwa mana Beljiyam, wani ne a Texas ko Jamus ya zaɓi launinta shekara goma da suka wuce, shi ma dillalinsa ya ce masa ya ɗauki silba don ranar sayarwa. Mai ɗaukowa daga gwanjo ya tsallake koriya ya ɗauko silbar saboda yana tunanin dillalin Legas, na Legas yana tunanin na Kano, na Kano yana tunaninka, kai kana tunanin wanda zai saya a hannunka, shi ma yana tunanin na bayansa, har ta ƙare a Panteka ko Ƙofar Ruwa ana sayar da ƙofofinta ɗai-ɗai. Aka tambayi majalisa kaf, wa yake son ruwan toka tsakaninsa da Allah, ba don sayarwa ba? Aka yi ta kallon juna. Wani ya ce shi shuɗi yake so, wani ya ce kore mai duhu, dattijon nan da ya yi wa yaro dariya ya ce shi tun yana saurayi jar Peugeot 504 ce a ransa.

Yaron ya ce, "To Baba, me ya hana?"

Dillali ya miƙe yana kakkaɓe riga ya ce, "Kar ka ɓata mana kasuwa, ɗana. Ranka ya daɗe, gobe ka leƙo, akwai wata fara da ta sauka jiya, fas bodi, ko mako ba za ta yi ba. La'adata dai ba ta san launi ba."